Jego a garin da ba ki da kowa

Wata biyar da bikinmu aka yi wa maigidana canjin wajen aiki zuwa Abuja, muka baro Katsina muka kama haya a Mararaba don kuɗin gida a cikin gari ba na irinmu ba ne. Ni ma Allah ya taimake ni na samu aikin akanta a wani kamfani a Wuse, ga ciki kuma.

Da na haihu gida na tafi wanka, kwana 40 ban ɗaga ko tsinke ba, Hajiyarmu ke dafa ruwan darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa, jaririya kuwa sai za ta sha nono ake miƙo min ita. Dawowata ne na gane ashe can hannu goma ke rainon nan, a nan kuma hannuna biyu ne kawai.

Hutun haihuwata sati 12 ne, ma'aikatan gwamnatin tarayya ne ke samun 16. Na koma aiki kullum 5:30 na asuba ina titi saboda goslon Nyanya, kafin nan na tatsi nono na sa a firij ina addu'ar kar a ɗauke wuta, in dawo bayan magariba in ɗora tukunya ido na rufewa. Kuma ban gaya wa kowa ina wahala ba, a tunanina shirun nan shi ne haƙuri. Ba shi ba ne wallahi, sai da na kwanta ciwo na yarda.

Daren da na yi wa maigidana magana cewa ya yi shi fa ya ɗauka komai lafiya tunda ban ce komai ba. Tun ranar, rainon bayan isha'i nashi ne, cefane ma haka. A ofis ma ashe dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ni ban taɓa tambaya ba, da na tambaya oga ta haɗe min su nake tashi da wuri.

Wadda ta fi tsaya min a rai maƙwabciyata ce, wata dattijuwa Bagwariya, wata shida gaisuwa kawai ke haɗa mu saboda kunyar roƙo. Ran da na ƙwanƙwasa ƙofarta ta ce 'yata ai tun tuni nake jin kukan yarinyar nan ina jira ki zo. Yanzu a bayanta take barcin rana, Kaka muke ce mata.