Jakata na ɗaure tun Talata, har yanzu ban tafi ba

Wallahi kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara shida ina tsaron shagon kawuna a babbar kasuwa, atamfa da shadda muke saidawa, ƙarshen wata jika 35 yake ba ni, ga tuwon Inna da dare a unguwar Bagalam nan Maraɗi, ba abin da na rasa sai dai ba abin da na tara.

To ran Litinin wani abokina da muka yi lakwal tare ya kira ni daga Agadas da wata lamba da ban sani ba, wai in taho akwai aiki wajen zinariya can Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya. Na ce wane irin aiki? Ya ce "kai dai taho, ba maganar waya ba ce." Wannan kalma ita ta tsaya mini a rai. Tun 2014 da zinariyar Jado ta fashe na ga wanda ya dawo ya gina gida a unguwar Ali Ɗan Sofo, na kuma ga maƙwabciyarmu da har yau in an buga ƙofa sai ta miƙe tana zaton ɗanta ne.

Jiya na faɗa ma Inna, tana tankaɗe, ta aje rariyar ta dube ni ta ce "Ɗan nan, ka yi istihara?" Na yi, sau biyu, zuciyata ba ta kwanta ko'ina ba. Motar Agadas da asuba take tashi, kuɗin tikiti na cikin aljihuna, makullin shagon Kawu ma yana nan.