Takardar minista da lasifikar malam

Kowace ƙungiyar wa'azi a Yamai, babban birnin Nijar, komai yawan mabiyanta, rayuwarta a hukumance tana rataye ne a jikin takarda guda: izinin ministan cikin gida. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ce ta shimfiɗa hanyar. Za ku yi taron kafa ƙungiya, ku rubuta abin da aka zartar, ku haɗa da kundin dokokinku da sunayen shugabanni, ku ajiye wurin hukuma, a ba ku rasit na wucin gadi. A nan da yawa ke tuntuɓe. Rasit shaida ce kawai cewa an karɓi takardunku. Izini sai minista ya sa hannu, an buga a jaridar gwamnati. Kuma hannun da ya ba da shi, shi ke karɓewa.

Seyni Kunce bai ma tsaya wahalar da kansa ba. Bayan ya kifar da Jori Hamani a 1974, ƙungiyar Musulunci ɗaya ya yarda da ita, AIN, wato Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, wadda Shaihu Umaru Isma'il ya daɗe yana jagoranta. Malamin da ke son a ji muryarsa a rediyon ƙasa, ta wannan ƙofar zai bi. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta shigo ta hannun ƴan kasuwa da almajirai, musamman ta Maraɗi, amma ba ta da takarda.

Taron ƙasa na 1991 ne ya ɓalle ƙofar. Ƙungiyar wa'azi ta ANASI ta fito, ADINI-Islam ta ƴan Izala ta fito, wasu suka biyo baya. Ana yawan cewa daga nan gwamnati ta saki malamai. A ganina ciniki ne ya canza salo. Malamai sun samu abin da ba su da shi a da, wato ikon cewa a'a: sun tsayar da kundin dokar iyali a 1994, kuma a 2006 majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. Ita kuwa gwamnati ba ta ajiye sandarta ba. Da zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe ta zama tarzoma a Yamai da Maraɗi a Nuwamba 2000, gwamnatin Tanja ta rusa wasu ƙungiyoyi nan take. Masallatansu suna nan, mabiyansu suna nan, sai dai ba halin kiran taro da sunan ƙungiya. Daga baya wannan gwamnatin ce ta kafa Majalisar Musulunci ta Nijar, ta zaunar da ɓangarori a tebur guda, har da batun ganin wata, wanda ba ƙaramin iko ba ne ga duk wanda ya san rigimar daren sallah.

Zamanin Isufu an fi jin zafi. Ƙone-ƙonen coci a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, dokar tsara harkokin ibada ta Yuni 2019 da wasu malamai suka ɗauka takunkumi ce, sai rufe masallatai lokacin korona a 2020. Duk lokacin da shugabannin ƙungiya suka mara wa irin wannan mataki baya, matasan unguwa kan ce an saye su, su koma wurin malamin da ke wa'azi a WhatsApp, wanda ba shi da izinin da za a ƙwace.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojoji sun dakatar da jam'iyyun siyasa, amma masallatai suka cika da alƙunutu kan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Tawagar farko ta CEDEAO da Abdussalami Abubakar ya jagoranta ta koma ba ta ga Janar Tiani, shugaban mulkin soja, ba. A cikin watan Agustan, malaman Najeriya ƙarƙashin Shaihu Bala Lau na Izala suka zo Yamai, aka buɗe musu ƙofar fadar shugaban ƙasa.