Allo mai tsada, rubutu kamar ƙwayar gero

A 'yan shekarun nan babu ƙorafin da ya fi yawan zuwa shagonmu na haɗa kwamfutoci da saita su a Kano kamar na mutumin da ya sayi babban allo mai tsada, ya kai ofis ya kunna, sai ya tarar rubutu ya koma kamar ƙwayar gero, har sai ya kafa hanci a jikin gilashin kafin ya karanta. Da yawa sukan zo da zaton an cuce su, alhali allon lafiyarsa ƙalau.

Dalilin a lissafe yake. Allon da ake kira 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na mai 1920 da 1080. Idan inci 27 ne, kowane inci yana ɗauke da ɗigo kusan 163, alhali tun asali an tsara Windows ne bisa ɗigo 96 a inci, don haka harafi yakan tsuke ya koma rabin girmansa da 'yan kai.

Na koyi aikin nan a zamanin Windows XP, lokacin allo mai ƙaton ƙeya wanda yaro ɗaya ba ya iya ɗauka sai da nishi. Idan dattijo ya ce ba ya gani, maigidana yakan sa ni in mayar da allon daga 1024 da 768 zuwa 800 da 600, kuma rubutu ya fito tas, domin irin wancan allo ba shi da ƙayyadaddun ɗigo. Falalen allo na yau ɗigonsa a kafe suke. Abin takaici, masu buɗe shago bayan sun yi wata uku suna kallon wani yana aiki har yanzu wannan tsohuwar dabara suke yi wa mutane: rubutu ya ƙara girma amma ya yi dishi-dishi, mai kaya ya biya kuɗin 4K ya tafi da hoton da bai kai na allon araha ba.

Mu ba ma taɓa adadin ɗigon. Ma'aunin faɗaɗa rubutu da gumaka muke ɗagawa, yawanci zuwa kashi 150 a allo mai inci 27, ko kashi 200 a ƙaramar kwamfutar cinya, amma ba ma yanke hukunci sai mun zaunar da mai kayan a tazarar da yake zama a ofishinsa, da tabaraunsa idan yana sawa. Daga nan mu daidaita ClearType, wato saitin Windows mai sa gefen haruffa ya fito tas, sannan in rubuta masa "ƙafa" da "kafa", "ɓari" da "bari". Idan bai iya bambance lanƙwasar ba tare da ya sunkuyo ba, aiki bai ƙare ba. Tsofaffin manhajojin lissafin kuɗi su ne masu taurin kai, domin Windows yana miƙe su kamar roba; waɗannan ɗaya bayan ɗaya muke shiga saitinsu mu gyara, wani lokaci yini guda.

Sai maganar wayar da take haɗa allo da kwamfuta. Mashigar HDMI 1.4 ba ta wuce sauyin hoto 30 a daƙiƙa a kan 4K, shi ya sa linzami yake tafiya kamar yana ɗingishi. Ana bukatar mashigar HDMI 2.0 ko ta DisplayPort 1.2 kafin a samu 60. Wani dillali ya taɓa sayar mini da katan guda na wayoyi, an buga 4K ɓaro-ɓaro a ledarsu, amma allo sai ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Da kaina na bi ofisoshi na sauya su daga aljihuna, kuma tun daga ranar kowace waya sai na gwada ta a allon shago kafin ta fita.

Duk da haka wani zai tsaya yana neman ragin kuɗin aikin, yana cewa, "Malam, ai danne-danne ne kawai ka yi." Nakan mayar masa da saitin yadda ya kawo shi, in miƙa masa linzamin, in ce, "Alhaji, bismillah."