Shekarun da Na Yi Ina Jagorantar Ɗalibai Tsiraru a Sashen Kimiyya

A jami'o'in Amurka akwai rukunin ɗalibai da hukumomi suke lissafawa daban, wato waɗanda yawansu a fagen kimiyya da injiniyanci bai kai gwargwadon yawansu a cikin al'ummar ƙasar ba. Hukumar Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSF, tana sanya baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da kuma ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar a cikin wannan rukuni, amma ba ta sanya yawancin 'yan asalin Asiya, domin su ko da yake tsiraru ne a ƙasar, ba su yi ƙaranci a ɗakunan gwaje-gwaje ba. Na yi aiki da ɗaliban wannan rukuni lokacin da nake karatun digirin digirgir a fannin kimiyyar sinadarai a wata babbar jami'ar jiha, inda aka ɗora mini jagorancin wani zama na yamma da ake yi wa 'yan shekarar farko, daga baya kuma aka ƙara mini da sa ido a kan waɗanda aka tura bincike lokacin hutun bazara.

Abokan karatuna da suka ji an ba ni wannan aiki sun ɗauka darasin gyara ne, irin wanda ake maimaita wa ɗalibi abin da ya kasa fahimta a aji. Shugabar shirin, wata farfesa da ta daɗe a harkar, ta kawar da wannan zato tun kafin in shiga aji. Ta umarce ni da in riƙa tsara tambayoyin da suka fi na lacca da na jarrabawa wuya, in raba ɗaliban ƙungiya-ƙungiya, sannan in kame bakina daga ba da amsa matuƙar akwai wanda bai gama ƙoƙarinsa ba. Ta kuma hana a kira zaman da kowane suna da zai nuna cewa na masu rauni ne, har takardar gayyata ma an rubuta ta ne da lafazin girmamawa, ana sanar da ɗalibi cewa an zaɓe shi saboda abin da aka gani a takardunsa na sakandare.

Wannan tsari yana da asali. A tsakiyar shekarun 1970 wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai suna Uri Treisman, ya so ya gano dalilin da ya sa baƙaƙen fata suke faɗuwa a darasin kalkulas, wani reshe na lissafi mai zurfi, alhali sun shigo jami'ar da sakamako mai kyau. Malaman sashen suna da amsoshinsu tun da can: talauci, da raunin makarantun da suka fito, da rashin himma, da rashin goyon bayan iyaye. Treisman ya bi ɗaliban har masaukinsu yana kallon yadda suke karatu, ya kwatanta su da ɗalibai 'yan asalin Sin, sai ya tarar cewa himma ba ta yi ƙaranci ba ko kaɗan. Bambancin da ya gani shi ne, baƙaƙen fatar suna karatu kowa shi kaɗai, sun raba harkar abota da harkar karatu, su kuwa 'yan asalin Sin, bayan kowa ya yi nasa, sukan taru su duba aikin juna, su gyara wa juna, su kuma san inda kowa ya tsaya a cikin aji. Daga nan ya kafa zaman da ake haɗa ɗalibai a kan tambayoyi masu wuya, tsarin da daga baya ya tafi da shi Jami'ar Texas da ke Austin, jami'o'i da yawa kuma suka kwaikwaya. Namu zaman reshe ne na wannan.

Abin da ya fi ba ni wahala a makonnin farko shi ne shiru. Ɗalibai huɗu za su zauna a teburi ɗaya, kowa ya duƙufa a kan takardarsa yana kare ta da hannu, ba mai son a ga ya rubuta abin da ba daidai ba. Da yawansu su ne zakarun makarantun da suka fito, ba su taɓa neman taimako ba, kuma a ransu neman taimako tamkar tabbatar da abin da suke zargin ana faɗa a kansu ne. Masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Claude Steele da Joshua Aronson, sun nuna a wani bincike da suka wallafa a 1995 cewa fargabar tabbatar da mummunan zaton da ake yi wa jinsin mutum tana iya rage masa ƙwazo a jarrabawa. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman wannan tasiri, amma fargabar kanta na gan ta da idona, musamman bayan jarrabawar farko, lokacin da wasu sukan daina zuwa gaba ɗaya don kada a tambaye su makin da suka samu.

Dabarar da ta yi mini aiki ba wani abin a zo a gani ba ce. Na daina raba takarda ga kowane mutum, na koma ba ƙungiya takarda ɗaya da alli ɗaya, kuma dole a yi aikin a kan allo, inda kuskure ba ya ɓuya. Na riƙa zaɓen tambayoyin da na tabbata ba wanda zai warware shi kaɗai cikin lokacin da muke da shi, misali a ba su cakuɗen ruwan acid mai rauni da gishirinsa a ce su hango yadda zai canza idan an ɗiga masa wani sinadari, tun kafin malamin aji ya kai wannan babi. Idan tambaya ta gagari kowa, rashin sani ya daina zama abin kunya, sai gardama ta ɓarke, kuma a cikin gardamar ne ake koyo. Wata ɗaliba da ta yi wata guda ba ta ce uffan ba, ranar da ta gano cewa wanda kowa ke ganin ya fi su iyawa ya juya lissafinsa, ta tashi ta karɓi allin ta gyara masa, kuma daga ranar ba ta sake komawa kujerar baya ba.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Darussan shekarar farko a manyan jami'o'in Amurka, musamman kimiyyar sinadarai da kalkulas da fiziks, ana koyar da su ne a zaurukan da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane, kuma wasu malamai suna alfahari da cewa darasinsu rariya ce da ke rage cunkoso. A wasu azuzuwan ana auna makin ɗalibi ne da na sauran 'yan aji, don haka taimakon abokinka kamar rage wa kanka ne. Elaine Seymour da Nancy Hewitt, a binciken da suka fitar a 1997 bayan sun tattauna da ɗaruruwan ɗalibai, sun gano cewa waɗanda suka bar kimiyya ba su bambanta sosai da waɗanda suka zauna ba ta fuskar iyawa, kuma dukkansu suna kuka da abu ɗaya, wato salon koyarwar. Wanda mahaifinsa ko yayarsa suka bi ta wannan hanya ya san cewa faɗuwa a jarrabawar farko ba ƙarshen duniya ba ce, domin an gaya masa a gida. Wanda shi ne na farko a danginsa da ya taka jami'a ba shi da mai gaya masa, sai ya ɗauka hukunci ne aka yanke a kan ƙwaƙwalwarsa, ya sauya fanni kafin zango ya ƙare. Rabin aikina ya zama faɗa wa mutane abubuwan da ba a rubuta a ko'ina ba: cewa sa'o'in da farfesa ya ware a ofishinsa na kowa ne ba na masu matsala ba, cewa ana iya rubuta wa malami wasiƙa a nemi gurbin bincike, cewa a fannonin kimiyya yawanci biyan ɗalibin digirin digirgir ake yi ba shi ke biya ba. Wannan na ƙarshe ya girgiza ɗalibai da dama, domin sun riga sun ɗebe tsammani daga ƙarin karatu saboda tsoron bashi.

Maganar kuɗi kuwa ba ta da makwafi. Ɗalibin da ke aikin dare a kanti ko gidan abinci don ya biya haya, wani lokaci har ya aika wa iyayensa, ba zai iya ba da sa'o'insa kyauta a ɗakin gwaje-gwaje ba, alhali ta wannan ƙofa ce ake samun wasiƙar shaida daga farfesa, wadda idan babu ita shiga babban digiri yana da wuya. Shi ya sa manyan shirye-shiryen gwamnatin tarayya suka haɗa da alawus. Akwai wanda NSF ta fara a 1991, aka kuma sa masa sunan Louis Stokes, baƙar fata na farko da ya wakilci jihar Ohio a majalisar wakilai, wanda ya haɗa jami'o'i da kwalejoji cikin ƙawance. Akwai na Ma'aikatar Ilimi mai ɗauke da sunan Ronald McNair, masanin fiziks kuma ɗan sama-jannatin da ya rasu a hatsarin kumbon Challenger a 1986, wanda ke shirya ɗalibai don digirin digirgir. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa su ma sun yi shekaru da dama suna gudanar da nasu mai suna MARC. Daga irin waɗannan hanyoyi muke biyan ɗalibanmu kuɗin binciken bazara, kuma na lura cewa da zarar ɗalibi ya ajiye aikin dare, makinsa yakan tashi ba tare da an ƙara masa wani darasi ba.

Samun gurbi a ɗakin gwaje-gwaje ma bai wadatar ba. Wasu malamai sukan karɓi ɗalibi don sunansa ya shiga rahoton da za su aika wa masu ba da tallafi, sannan su bar shi yana wanke kwalabe har bazara ta wuce. Da na fahimci haka sai na riƙa zagayawa ina yi wa kowane ɗalibi tambaya guda: mece ce tambayar da aikinka yake neman amsawa? Wanda ya kasa amsawa bayan makonni, na san ba laifinsa ba ne, sai mu nemi zama da malaminsa ko mu sauya masa wuri. Waɗanda aka ba ɗan aiki nasu na kansu, komai ƙanƙantarsa, har suka kai shi babban taron ƙungiyar SACNAS, wadda aka kafa a 1973 don ciyar da 'yan asalin Latin Amurka da ƙabilun asali gaba a fagen kimiyya, sukan dawo da wata irin magana daban. Sun ga zaure cike da masana masu kama da su, kuma daga nan sukan fara cewa "bincikena".

Duk mai wannan aiki a Amurka yana jin labarin shirin Meyerhoff na Jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore. Freeman Hrabowski, wanda yana ɗan shekara 12 aka tsare shi saboda shiga zanga-zangar yara ta adawa da wariyar launin fata a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, shi ya kafa shi a 1988 da dukiyar Robert da Jane Meyerhoff, kuma rukunin farko samari 19 ne baƙaƙen fata. Suna farawa da horon makonni shida kafin a buɗe jami'a, ana biya musu karatu, ana tilasta musu karatu tare, ana kuma gaya musu tun ranar farko cewa digirin digirgir ake jira daga gare su. Kizzmekia Corbett, wadda ta yi fice a aikin allurar rigakafin korona ta kamfanin Moderna, ta wannan shiri ta fito. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsadarsa, da kuma cewa mutumin da ya kafa shi ya shugabanci jami'ar daga 1992 zuwa 2022, don haka shirin bai taɓa zama maraya ba. Namu yana rayuwa ne daga tallafi zuwa tallafi, a ofishi ɗaya da ma'aikata ƙalilan, kuma duk lokacin da wa'adin kuɗi ya kusa ƙarewa sai hankalin shugabar ya koma kan rubuta takardar neman wani.

Matsayina ni kaina yana da ɗan sarƙaƙiya. Ni baƙar fata ne, amma ba Ba'amurke ba, kuma yawancin waɗannan tallafi na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin, don haka ina jagorantar shirin da ni ban cancanci shiga ba. Ban taso ina jin cewa kimiyya ba ta irina ba ce, domin duk malaman da suka koyar da ni tun daga firamare baƙaƙen fata ne irina. Ɗalibaina da kakanninsu suka sha wariyar da doka ta halatta a kudancin Amurka suna ɗauke da wani nauyi da ni ban ɗauka ba, kuma jami'ar da ke haɗa mu a layi ɗaya na ƙididdiga tana iya yaudarar kanta cewa ta warware matsalar da ba ta taɓa ba.

Doka ta daɗe tana takura wa irin waɗannan shirye-shirye. Tun a 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke wani tallafin karatu da Jami'ar Maryland ta College Park ta keɓe wa baƙaƙen fata, a 1996 kuma Meyerhoff ya buɗe ƙofarsa ga kowane jinsi, a shekarar da masu zaɓe a Kalifoniya suka haramta la'akari da launin fata a jami'o'in jiharsu. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina, ta hana amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da tallafi masu yawa da suka shafi wannan fanni. Mu ma lauyoyin jami'a sun sa mun sauya sharuɗɗanmu, muka koma duba ƙarancin kuɗin shigar iyali da kuma ko ɗalibi shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a. Fararen fata daga ƙauyuka da 'ya'yan 'yan gudun hijira suka shigo, kuma zaman ya amfane su daidai da yadda ya amfani na farko, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa maganin na kowa ne ko da yake ciwon ya fi tsanani a wajen wasu. Amma sabon ma'aunin ya bar wasu a waje, kamar baƙar fatar da iyayenta suke da rufin asiri, wadda duk da haka ita kaɗai ce irinta a ajin fiziks na shekara ta uku.

Kafin in kammala, sashen namu ya amince ya shigar da zaman ƙungiya cikin darasin shekarar farko ga dukkan ɗalibai, manyan ɗalibai na jagoranta ana biyansu. Alawus ɗin binciken bazara kuwa, wanda shi ne mafi tsada a cikin abubuwan da muke yi, sashen bai ɗauki nauyinsa ba, kuma lokacin da na bar jami'ar shugabar shirin tana zagayen tsofaffin ɗalibai da kamfanonin sinadarai na jihar tana neman wanda zai biya na shekara mai zuwa.