Ruwa, taga da moɗa: yadda muka buɗe makaranta lokacin korona

Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu a watan Maris 2020, makonni kaɗan bayan an samu mutum na farko da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Da aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma a watan Agusta saboda jarrabawar WAEC da za a fara ranar 17 ga wata, sai shugaban makarantarmu, wata sakandaren jeka-ka-dawo a Kano, ya ɗora mini kula da matakan kariya. Ƙa'idojin da suka zo daga sama a bayyane suke: takunkumi, wanke hannu, ba da tazara, auna zafin jiki a bakin ƙofa. Amma ina jin wanda ya rubuta su bai taɓa leƙa ajin da yara huɗu ke matse a benci ɗaya ba.

Da 'yan ajin ƙarshe kaɗai babu wata wahala, azuzuwa a wofi suke, muka baza su. Rigimar ta fara ne a Oktoba da kowa ya dawo. Dole muka raba su, wasu safe wasu yamma, malamai suna gunaguni, kuma da gaskiyarsu, don aikin ya ninka albashi bai motsa ba.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne ruwa. Mun sayi bokitan nan masu famfo a gindi, waɗanda wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, muka jera su a ƙofar azuzuwa. Ba mu da rijiyar burtsatse, famfon gwamnati kuwa sai ya ga dama, don haka kafin tara ta yi bokitan sun bushe. Sai da ƙungiyar iyayen yara ta yarda ta riƙa biyan mai garuwa ya kawo kura da sassafe, ya sake kawowa kafin 'yan yamma su shigo. Sabulu ma in ka ajiye sanda guda, kafin azahar ya yi ƙafa. Wani masinjanmu dattijo ne ya kawo dabara: a dama garin sabulu a gora, a huda murfin da ƙusa, a ɗaure ta da igiya a jikin bokitin. Daƙiƙa 20 da ake so a yi ana cuɗa hannu kuwa, babu yaron da zai tsaya ƙirgawa. Abin da ya yi aiki shi ne da muka kai bokiti biyu wurin alwala, muka ce a fara da sabulu kafin a ɗauki buta.

Sai moɗa. Randa ɗaya ce a gindin darbejiya, da moɗa ɗaya da duk makarantar ke kafa wa baki. Na ɗauke moɗar, na ce kowa ya zo da gorarsa. A ganina wannan ya fi feshin maganin da aka zo aka yi wa bango da kujeru amfani nesa ba kusa ba, ko da yake feshin ne aka ɗauka a hoto.

Na'urar auna zafi, wadda yara ke kira bindiga, ita ce ta fi komai kwarjini, ta kuma fi komai ƙarancin amfani. In ta sha rana sai ta riƙa ba da lambar da ta ga dama, layin da ake yi a jira ta kuma shi kansa cunkoso ne. Ga shi mutum yana iya ɗauke da cutar jikinsa bai yi zafi ba. Takunkumi kuwa wani tela a unguwa ya ɗinka mana da ragowar atamfa. Da idona na ga yara biyu sun yi musaya, wai na ɗayan ya fi kyan zane. Wasu a haɓa suke rataye shi, sai sun hango ni su ja sama.

Da aka koma a Janairu 2021 cutar ta sake tasowa, ga hunturu ya kankama. Da safe za ka tarar an rufe tagogi ruf saboda sanyi da ƙura, aji ya cika da tari. To a irin wannan ɗaki ne cutar ta fi yaɗuwa, domin a numfashi take fita ta tsaya a iskar da ba ta motsi. Muka yi sulhu: a rufe ɓangaren da iska ke bugowa rabi, ƙofa da sauran tagogi a buɗe, kowa ya sa rigar sanyi ko da ba kalar kayan makaranta ba ce. In rana ta ɗaga, malamin da ya so ya fitar da ajinsa inuwa.

Mafi wuya shi ne yaro marar lafiya ya zauna gida. Iyaye sukan ba shi farasitamol su turo shi, kada gwajin aji ya wuce shi. Wani uba da na kira ya ce, "Malam, zazzaɓin cizon sauro ne fa, ku dai kun cika tsoron koronar nan." Mutane da yawa a lokacin ba su ma yarda akwai ta ba. Ban ja da shi ba. Na ce, "Ko ma mene ne, Alhaji, a kai shi asibiti a duba, ya huta. Gwajinsa yana nan, ni zan ajiye masa." Wannan alƙawarin ne ya sa iyaye suka fara kiran waya da kansu suna ba da uzuri. Malamin addini ma ya taimaka, ya karanta wa yara hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba ko fita daga cikinsa, kuma maganarsa ta fi tawa isa gidaje.

Takunkumi bai daɗe ba aka watsar, bindigar ma batirinta ya mutu a durowa. Amma da kwalara ta ɓarke a daminar 2021, Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, iyaye da kansu suka nemi kada a daina biyan mai garuwa, aka sa kuɗin ruwa da sabulu cikin lissafin kowane zango.