Jiya ya ce "Mama, ba ni"

Yarona ya kai shekara biyu da rabi bai haɗa kalma biyu ba. Kowa na cewa "ku ƙyale shi, zai yi." Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Likitan yara ya fara tura mu gwajin ji, domin yaron da ba ya ji sosai da wuya ya kwaikwayi magana. Kunne lafiya lau. Sai aka ce mu zaɓa: mai koyar da magana, ko mai horar da yaro ayyukan yau da kullum irin riƙe cokali da sa riga, ko tsarin gyaran ɗabi'a da ake kira ABA. Gashin ƙashi ba mu buƙace shi ba, tunda gudu yake kamar barewa.

ABA ɗin ne ya fi ba ni wahala. Cibiyar da muka je awanni da yawa suke so duk mako, yaro na zaune ana maimaita masa abu ɗaya. Wasu iyayen sun ce sun ga amfani, ban musa ba, amma nawa tun daga bakin ƙofa yake kuka.

Mai koyar da maganar kuwa minti 45 take yi, sau ɗaya a mako, kuma rabin lokacin ni take koya wa: in durƙusa daidai fuskarsa, in riƙe ƙwallo in yi shiru, in jira ya nema da bakinsa. Wallahi da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Jiya da safe ya ja hannuna ya ce, "Mama, ba ni."