Wane cokalin?

Watana biyu da fara koyon aiki a wani kemis na unguwarmu lokacin da Oga ya kunyata ni a gaban wata mata. Bayan sallar isha'i ne, ta shigo da goyo, jikin yaron kamar garwashi. Na miƙo mata farasitamol na ruwa, na ce da ita abin da na saba ji a bakin kowa: "Cokali ɗaya, sau uku a rana."

Oga yana lissafin ciniki, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Wane cokalin?"

Na yi tsuru-tsuru. Sai ya aike ni wurin mai shayin da ke ƙofar shago in aro cokula. Na kawo uku. Ya zuƙi ruwa da sirinji ya cika kowanne muna kallo. Ƙaramin bai kai mililita (mil) 4 ba, babban kuwa, irin na cin shinkafa, ya kusa shanye mil 15. Ashe da bakina na ba uwar nan izinin ninka wa ɗanta magani sau uku, in dai babban cokali ne ya fara zuwa hannunta a duhu.

Daga daren na san cewa maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, ba da ido ba, ba kuma da "ai ya yi wayo" ba. Ƙa'idar farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, tazarar awa 4 zuwa 6, kada a wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Yawancin kwalaben da muke sayarwa miligiram 120 ko 125 ne a cikin mil 5, saboda haka yaro mai kilo 10 mil 5 ya ishe shi. Amma akwai na ɗigawa na jarirai, wanda miligiram 100 ne a mil ɗaya tak. Kwalbarsa ƙarama ce, shi ya sa iyaye ke raina ta. Wanda ya ɗura wa yaro mil 5 nasa ya ba shi daidai da ƙwayar babban mutum guda.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda illar ke zuwa a ɓoye. Yaron da aka cika wa farasitamol yana iya kwana lafiya lau, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta nuna, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce. Sau da yawa ma ba cokali ne ya jawo ba. Uwa ta ba shi na zazzaɓi, kaka ta ba shi na mura, ba wanda ya karanta jikin kwali ya ga cewa na murar ma akwai farasitamol a ciki. Shi ya sa yanzu kafin in taɓa kanta nakan tambaya, "Hajiya, me aka riga aka ba shi?" Wata za ta ce ba komai, sai ka ɗan yi hira da ita ta zaro kwalba biyu daga jaka.

Sai maganar haƙori, wadda har yau muke fama da ita. Zazzaɓi, gudawa, amai, duk sai iyaye su ce fitar haƙori ne. Farasitamol yana sauke zafin jiki, amma ba ya kashe ƙwayar maleriya, sai dai ya rufe ta har jini ya ƙare. Oga ba ya sayar wa kowa kwalba ta biyu a kan zazzaɓi ɗaya sai an yi gwaji. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, ko wanda ke jijjiga ko ya ƙi mama, asibiti yake tura su kai tsaye, ko da za a zage shi. An kuwa sha zaginsa.

Shi ne ya ba ni labarin My Pikin, maganin haƙorin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, ciki har da na Zariya, saboda gubar da ta shiga haɗinsa ta lalata musu ƙoda. Tun daga nan ba ya karɓar kaya daga masu talla, kuma duk kwalin da ya shigo sai ya duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa da kansa.

Matar nan ta daren farko, sai da ya ɗora ta a sikeli da goyon, ya sake ɗora ta ita kaɗai, ya cire. Kilo tara da rabi. Ya ɗauki sirinji ya cire allurar, ya naɗa filasta daidai kan layin mil 5, ya miƙa mata. "Iyakarki nan, 'yata. Gobe da safe a kai shi a duba jininsa." Ni kuma ya ce in mayar wa mai shayi cokulansa.